Daga Tenere zuwa Gulbin Kaba: tarihin moto a kan yashin ƙasarmu

Kwanan baya na tsaya rumfar wani mai gyaran babur a bakin kwaltar Gazawa, a ɗaure mini sarƙa da ta saki. Ina zaune kan benci sai ga wani saurayi ya shigo da Kasea ɗinsa da ya sha ado, ya manna wata takarda a tankin mai an rubuta Ténéré da manyan baƙaƙe. Na ce masa, samari, mi ke nan ka liƙa? Ya ce ai sunan wani babban kamfani ne na Japan. Mai gyara ya yi dariya har ya ajiye sufana. Ni dariyar ba ta zo mini ba, don yaron bai yi kuskure duka ba: Yamaha ce ke ƙera babur mai wannan suna, ana sayar da shi a Turai da Amurka da kuɗin da zai sayi gona da shanun huɗa a nan. Amma sunan namu ne. Hamadar da ke gabas da duwatsun Abzin ce, a jihar Agadas, kuma a bakin Abzinawa kalmar tana nufin fili fetal inda babu kowa. Yadda sunan yashin ƙasarmu ya tafi Japan ya dawo mana a kan takardar mannawa, shi na ce bari in ɗan bi sawunsa yau, tare da tarihin shi kansa moton a tsakanin Agye da Gazawa da Gidan Rumji.

Ƙasar nan tun asali ta mahaya ce. Gobirawan da suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da Katsinawan Maraɗi da na Tasawa, a kan doki suka riƙe kansu kusan ƙarni guda. Barde ba ya fita fage sai da lifidi da sulke da kwalkwali a ka. Ku riƙe wannan kwalkwalin, za mu dawo kansa.

Inji ya fara taka yashin nan da ƙafar Turawan mulkin mallaka. A ƙarshen 1924 ayarin motocin Citroën guda 8, masu sarƙa a ƙafar baya kamar tankar yaƙi, da suka taso daga Colomb-Béchar ta Aljeriya ranar 28 ga Oktoba, sun ratsa Yamai da Tasawa da Damagaram a hanyarsu ta zuwa tafkin Cadi, har suka ɗauki Sarkin Tasawa Barmu a fim. Talla ce ta kamfani, a nuna wa duniya motarsu ba ta tsoron Afirka. Shekara goma bayan haka aka yi abin da ya fi ba ni mamaki. Wasu mata biyu ƴan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar Landan ranar 11 ga Disamba 1934 a kan babur Panther mai ƙarfin 600, da akwatin zama a gefe da ƴar tirela a baya. Suka keto Sahara ta Tamanrasat, injin ya mutu musu dab da Agadas, suka yi makonni a garin suna jiran kayan gyara daga Ingila, sannan suka gangara Kano. Ba su isa Cape Town ba sai ƙarshen Yulin 1935. Babu waya, babu taswirar kirki, babu mai bin su a baya da mota. Duk wanda ya taɓa tura babur mai kaya a cikin jigawa da rana tsaka ya san abin da matan nan suka sha.

A ƙauyukanmu kuwa, har bayan samun ƴancin kai a 1960, abin hawan talaka jaki ne da raƙumi da amalanke, mai hali ya sayi keke da kuɗin gyaɗa. Lokacin gyaɗa ce sarauniya, SONARA na saye, manyan motoci na kwasa zuwa jirgin ƙasa a Kano. Wanda ya fara shigo da ƙarar inji cikin gari galibi mushen lakwal ne ko malamin asibiti ko ɗan kasuwar da ya ci riba, a kan mobilet ta Faransa, Motobécane ko Peugeot, wadda sai ka murza feda kamar keke kafin ta tashi. A kan daɓe tana tafiya lafiya lau. Da ta shiga yashi sai mai ita ya sauka ya zama shi ne jakinta. Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, amma kuɗin yuraniyom na Arlit ya shigo aljihun gwamnati, Najeriya kuma tana cikin arzikin mai, sai baburan Japan suka fara kwararowa ta Jibiya da Ɗan Isa: Yamaha 100, Suzuki, da Honda CG125 wadda aka fito da ita a 1975 musamman don ƙasashen da hanya ba kyau kuma ba a cika kula da canza baƙin mai ba.

To, a daidai wannan lokaci ne wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓata a arewacin Tenere, wajen iyakar Libiya, a watan Janairun 1977. Yana cikin tseren Abidjan zuwa Nice a kan Yamaha XT500, ya saki hanya, ya yi ƴan kwanaki shi kaɗai ba ruwa, sai jirgin da ke nemansa ya hango shi. Wani da ya tsira daga irin wannan sai ya yi rantsuwa shi da hamada har abada. Shi kuwa ya koma gida ya shirya yadda zai kawo ɗaruruwan mutane su ɗanɗana abin da ya ɗanɗana. Ranar 26 ga Disamba 1978 abubuwan hawa 182 suka tashi daga Paris, kusan rabinsu babura ne, suka bi ta Aljiyas da Tamanrasat da Agadas da Yamai da Gao da Bamako. Guda 74 kacal suka isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979, kuma wanda ya zo na ɗaya, Cyril Neveu, a kan XT500 yake. Babur ne mai tukunya ɗaya, ba shi da wani ƙyale-ƙyale, da ƙafa ake tayar da shi, in ya yi gardama ya mayar maka da kik ɗin a ƙwauri.

Tun wannan tseren farko ƙasarmu ta ga mummunan hatsari. Wani mahayi, Patrick Dodin, ya faɗi a kusa da Agadas yana ƙoƙarin ɗaure igiyar hular kwanonsa alhali babur na gudu, hular ta fice, kansa ya bugu, raunin ya yi ajalinsa. Mutumin farko da tseren Dakar ya ci ke nan, kuma hula na kansa, igiyarta ce kawai ba a ɗaure ba.

A 1983 aka fara keta tsakiyar Tenere. Guguwar yashi ta taso, kimanin mutum 40 suka ɓace, Sabine ya yi kwana huɗu yana tsinto su da jirgi mai saukar ungulu. Hotunan da aka watsa a talabijin ɗin Turai su suka mayar da Tenere suna mai tsada, kuma a shekarar ce Yamaha ta fito da XT600 Ténéré mai tankin lita 30. Kafin nan BMW ta riga ta fito da R80 G/S a 1980, haruffan biyu na nufin daji da titi a Jamusanci, da shi Hubert Auriol ya ci tseren a 1981 da 1983. Honda ta biyo da Africa Twin a 1988. Duk wannan nau'i na manyan baburan yawon duniya da kuke gani a bidiyo, masu dogayen ƙafafu da tayar gaba inci 21 da akwatunan ƙarfe a baya, a kan yashin Nijar da Mali da Aljeriya aka koyi ƙera su.

Mu me muka samu? Agadas dai ta samu, ba a musu. Duk Janairu gari ya cika, masu masauki da masu sayar da mai da maƙeran azurfa da ƴan jagora su yi cinikin shekara cikin kwana biyu ko uku. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa yau, da kamfaninsa na yawon buɗe ido ya yi suna a wannan zamani. Bayan tsere ya wuce, masu yawo na biyo baya, su hau duwatsun Abzin ta Timiya mai lambunan lemu da rumman, su je Iferwan, masu ƙarfin gwiwa su bar abin hawa a gindin Bagzan su hau da ƙafa da jakuna, inda ƙololuwar ƙasar nan take, mita 2022. A 1991 UNESCO ta sa Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya. Amma akwai ɗaya gefen. Mutane ne ke wucewa da gudun da ƙauye bai saba gani ba, ta tsakiyar garuruwan da ba a tambayi ra'ayinsu ba. A 1988 motar tsere ta kashe yarinya ƴar shekara 10 a Kita ta Mali, kuma ba ita kaɗai ba ce. Sunayen Turawan da suka mutu an rubuta su an adana. Na ƴan ƙasa sau da yawa sai dai a ce “wani yaro”. Shi kansa Sabine hatsarin jirgi mai saukar ungulu ya kashe shi ranar 14 ga Janairu 1986 kusa da Gourma-Rharous a Mali, tare da mawaƙi Daniel Balavoine da wasu mutum uku, aka watsa tokarsa a gindin wata bishiya a Tenere. A tseren wannan shekarar ayarin ya sauko har Damagaram kafin ya nufi Yamai, kuma a wajen Damagaram ɗin wani mahayin Honda, Jean-Michel Baron, ya yi faɗuwar da bai sake tashi ba, ya yi shekara 24 a kwance sai 2010 ya cika.

Mu na kudu rabonmu a wannan harka shi ne kallo. Babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi Ƙonni da Madawa da Gidan Rumji da Tsibiri, ta wuce Cadawa da Agye da Gazawa zuwa Tasawa da Damagaram, ita ce Turawan da suka ƙetaro Sahara ke faɗowa kanta, wasu da tsofaffin Peugeot 504 da za su sayar su koma gida a jirgi, wasu a kan babura sun yi butu-butu da ƙura. Ina yaro na ga biyu sun tsaya sayen mai a garinmu. Muka kewaye su muna taɓa takalmansu masu kai wa gwiwa. Da ɗayan ya cire hula sai ga dogon gashi, ashe mace ce, wata tsohuwa mai tallan ƙosai ta yi salati ta ja baya. Mun yi wata guda muna kwaikwayon ƙarar injin da baki.

Sai dai masu hawan daji na gaskiya a ƙasar Agye ba waɗannan baƙi ba ne. Ma'aikatan furoje ne. Tun babban shirin raya karkara na Maraɗi a shekarun 1970, zuwa ayyukan asusun FIDA da suka daɗe a Agye, zuwa ƙungiyoyin agaji da suka cika jihar lokacin matsalar abinci ta 2005, malamin gona da mai allurar rigakafi da mai duba rijiyoyi, kowa da Yamaha DT125 ko AG ɗinsa. DT mai bugu biyu ce, tana shan mai haɗe da baƙin mai, tana hayaƙi, amma ba nauyi, kuma in ta shiga jigawa kamar an sake ta. A wurinsu samarinmu suka ga yadda ake yi: a ɗan rage iskar taya, a ja jiki baya don gaba ya yi sauƙi, kada a saki totur a tsakiyar yashi, kada a damƙe birkin gaba, a bar kan babur ya yi rawarsa. Mu nan ba mu da dutsen hawa, yashi ne dutsenmu. Wanda ya ƙetare Gulbin Kaba a watan Afrilu da buhu biyu na gero a baya, ko ya bi laka tsakanin Tsibiri da Gidan Sori a tsakiyar Agusta, ba ya bukatar wani ya koya masa tuƙi.

Wannan rage iskar taya ma yana da wani ɗan labari a tarihinmu. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aikin itatuwa a Maraɗi, ya sha faɗin cewa a 1983 ya tsaya ne ya rage iskar tayar motarsa don ya wuce yashi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a gefen hanya, ya duba ya ga ashe kututturen bishiya ne ke tohowa. Daga nan aka ƙarfafa sassaben zamani, wanda ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka yi suna da shi har baƙi na zuwa daga wasu ƙasashe su gani. Wannan ratse ne, mu koma kan moto.

Abin da ya mayar da babur sana'a, wuya ce. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai Maris 1986, kuma rufewar ta haɗu da fari, shi ya sa har yau tsofaffi ke kiran yunwar shekarar El Buhari. Mota ba ta iya wuce shinge, amma babur na iya bin bayan gona. Masu binciken sufuri da dama a wannan lokacin suke ganin tushen kabu-kabu a garuruwan bakin iyaka irin su Ƙonni, daga nan ya bazu. Duk wanda ke zaune tsakanin Sululu da Sabon Birni, ko tsakanin Gangara da Ɗankama, ya san cewa layin da Faransa da Ingila suka ja a takarda bai raba kasuwa ba, bai raba aure ba. Babur ne ya zama gadar. Ya ɗauko mai a jarka, ƴan ruwa-ruwa su zuba a kwalabe a bakin hanya. Ya kai wake da akuya, ya dawo da taki da atamfa. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kuɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan Turai da na Japan suka fi ƙarfin ma'aikaci, sai kowa ya koma neman na hannu daga Kano da Katsina.

A can arewa kuwa kasuwar yawo ta fara mutuwa. Tawayen 1990 zuwa 1995 da yaƙin cikin gida na Aljeriya suka toshe hanyar Tamanrasat. An ɗan farfaɗo bayan sulhun 24 ga Afrilu 1995, har aka yi tseren Dakar zuwa Agadas a koma Dakar a 1997. Amma a Janairun 2000 ayarin ya iso Yamai sai aka ce akwai barazanar hari a gaba, aka soke duk zangunan Nijar, aka kwashe motoci da babura a cikin manyan jiragen Antonov zuwa Sabha ta Libiya. A 2003 aka sace Turawa 32 a kudancin Aljeriya, da yawansu a kan babura suke yawo. Tawayen 2007 ya zo da nakiyoyi a hanyoyin Abzin. An soke tseren 2008 baki ɗaya bayan kisan Faransawa huɗu a Muritaniya, a 2009 aka kai shi Ajantina da Chile, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yi. Sunan Dakar suka tafi da shi, kamar yadda aka tafi da na Tenere. A 2019 Yamaha ta sake fito da sabon Ténéré 700, wanda akasarin masu sayensa ba su san a wace ƙasa wurin yake ba.

Lokacin da baƙi ke janyewa, a lokacin ne babur ya zama na kowa a nan. Daga farkon shekarun 2000 na Sin suka cika kasuwa, Jincheng da Kasea da Haojue da ire-irensu, sai na Indiya, Bajaj Boxer da TVS. Suna zuwa a kwali, yara su haɗa su a bakin titi cikin awa biyu. Ba su da ƙarkon na Japan, kowa ya sani, amma kayan gyaransu na nan ko a kasuwar ƙauye, kuma kuɗinsu bai kai rabi ba. Manomi ya sayar da sa ɗaya da ɗan wake ya hau nasa. Ɗan ci-rani ya dawo daga Legas ko Libiya, ko daga haƙar zinariya a Jado bayan 2014, abin da zai fara saye ke nan. Da Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, samarinmu da yawa da ke sana'ar a can suka dawo gida da baburansu. Ni a ganina babu wani abu, ko wayar salula, da ya canza zaman ƙauye kamar wannan. Mace mai naƙuda da a da sai an ɗora ta a amalanke a yi rabin yini, yanzu cikin awa ɗaya tana gidan likita. An kuma samu sabuwar hanyar mutuwa da kakanninmu ba su sani ba.

Ga kwalkwalin da na ce ku riƙe. Ɗan tseren Dakar yana sa hula mai rufe haɓa, da gilashin ido, da rigar da aka cusa wa kariya a kafaɗa da baya da gwiwar hannu, da safar hannu, da takalmi mai tauri har gwiwa, da jakar ruwa a baya. Ɗan kabu-kabunmu, wanda a wata ɗaya yake cin yashin da ya fi na wancan a shekara, kayansa silifa ne da rawani da baƙin tabarau na dala ɗari, in sanyi ya zo ya ƙara kwat ɗin gwanjo. Rawanin yana da amfaninsa, yana tare ƙura da hunturu. Ba ya tare kwalta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa cewa hular kwano mai kyau, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, mummunan raunin kai kuma da kusan kashi 70. Dalilan ƙin sawa duk na ji su: zafi, tsada, ba a jin kiran fasinja, wai ana raina mai kaske a ce matsoraci ne. Akwai ma masu tsoron sa hular da wani ya sa, kada a yi musu asiri. Da Najeriya ta tilasta dokar hula a Janairun 2009, sai da aka kama masu acaɓa sun kifa ƙwarya a ka sun ɗaure da igiya. An yi dariya. Ni ma na yi, sai da abin ya zo gidanmu.

Ɗan yayata ne, bai kai shekara ashirin da biyar ba. Yana dawowa daga kasuwa da magariba, akuya ta gitta, ba ma gudu yake ba. Babur ko madubi bai fasa ba. Shi kuwa ƙeyarsa ta daki bakin kwalta, aka kai shi gidan likita na kusa suka ce sai Maraɗi, kafin a samu mota a haɗa kuɗin mai dare ya raba. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma har yau maganarsa ba ta fita daidai kuma hannun dama ba ya riƙe fartanya. Kaske ɗin da aka ba shi kyauta ranar da ya sayi babur yana rataye a ɗaki, uwarsa na zuba tsabar kuɓewa a ciki. Jikan mutanen da ba sa hawa doki zuwa fage sai da kwalkwali ke nan.

Wani nauyin kuma ya sauka a kan babur wanda ya fi wannan. Abin da ya sa ya yi wa talaka amfani, wato yana bin inda mota ba ta bi, shi ya sa ya yi wa ɗan bindiga amfani. A Difa an hana hawansa a Fabrairun 2015 saboda Boko Haram. A yankuna da dama na Tillaberi an hana daga 1 ga Janairu 2020, kuma waɗanda suka kashe ma'aikatan agaji Faransawa shida da ƴan Nijar biyu a Kure ranar 9 ga Agusta 2020 a kan babura suka zo. A nan kusa da mu, tun 2019 dubban mutane suka tsero daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo ƙasar Gidan Rumji, har aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ku tambaye su da me aka zo aka kore su. A Satumban 2021 jihohin Zamfara da Katsina suka hana sayar da mai a jarka, suka taƙaita zirga-zirgar babura, suka rufe wasu kasuwanni da hanyoyi, duk don a yanke wa ƴan daji ƙafa. Ƙarar da muke bi da gudu muna yara, yau in an ji ta da dare a ƙauyukan bakin iyaka, mata tattara yara suke yi.

Shi ya sa duk lokacin da aka kai hari sai ka ji wasu, galibi mazauna birni masu mota, suna cewa a hana babur kawai a huta. Na fahimci zafin da ke sa a faɗi haka. Amma a dubi Difa, a tambayi masu barkono da masu kifi abin da hanin ya yi wa kasuwarsu, da inda samarin da suka rasa sana'a suka nufa. Ɗan bindiga ba ya neman izinin hawa tun farko. Wanda doka ke kamawa shi ne mai kai mara lafiya asibiti. Abin da ya fi kama hankali a wurina shi ne wanda ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu suka fara da kansu a wasu tashoshi, a san kowa da lambarsa da rigarsa da garinsu, a san mai sayen jarka goma na mai inda zai kai. Ga tsadar man ma kaɗai ta isa horo: tun da Najeriya ta cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kwalbar bakin hanya ta daina zama mai arha, ribar ɗan kabu-kabu ta koma ƴar kaɗan.

Kafin in bar rumfar mai gyaran nan na Gazawa, wani dattijon ɗan kabu-kabu da ke jiran a yi masa faci ya sa baki a hirar. Ya ce shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, babur na shida ke ƙarƙashinsa, kuma bai taɓa zuwa Agadas ba balle Tenere. A da, in ji shi, har sha biyun dare yana kai mutane ƙauyukan kudu, ya dawo shi kaɗai da hasken fitila. Yanzu in la'asar ta yi sanyi ko nawa za a ba shi ba ya nufar iyaka, sai dai in haihuwa ce. Na ce to in haihuwar ce fa? Ya ce sai ya kashe fitila ya bi ta cikin gonaki, ai ya san hanya. Saurayi mai Ténéré a tanki ya biya kuɗin gyaransa, ya naɗa rawani, ya tayar ya hau kwalta ya nufi Agye.